Daga Turu Zuwa Gadon Asibiti: Da Wane Mudu Muke Auna Jinyar Yaro Mai Taɓin Hankali?

Idan yaro ɗan shekara 14 a Kurya Madaro, cikin ƙaramar hukumar Kaura Namoda, ya daina barci, ya fara surutai shi kaɗai, ko ya shiga kai wa ƙannensa duka ba gaira ba dalili, hanyoyi huɗu ne a gaban iyayensa. Za su iya kai shi wurin malami ko mai maganin gargajiya. Za su iya kulle shi a ɗaki a cikin gida. Za su iya neman gidan mari su biya kuɗi a karɓe shi. Ko kuma su nemi kuɗin mota zuwa Kware, arewa da birnin Sakkwato, inda asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya mafi kusa da su yake, tafiyar da ta haura kilomita 200 a kan hanyoyin da matafiya ke bi cikin fargaba.

Uku daga cikin hanyoyin nan suna nufin a tsare yaron a wani wuri, ko yana so ko ba ya so. Kowacce kuma tana da tarihinta, tana da mudun da take auna nasara da shi. Sanin waɗannan mudaye yana da amfani a yau, domin rufe gidajen mari da kafa sabuwar doka sun sa ana kiran a gina ɗakunan kwantar da yara a asibitoci, alhali ba a cika tsayawa a tambayi abin da zai nuna cewa kwanciyar ta amfani yaron ba.

Zamanin turu

Hausa tana da kalmomi biyu da suka adana tsohon tsarinmu. Turu shi ne gungumen itacen da ake hudawa a zura ƙafar wanda hankalinsa ya gushe. Mari shi ne ƙarfen da ake ɗaure ƙafafu da shi. Duka biyun sun girmi zuwan Turawa, kuma aikinsu ɗaya ne: a hana mutum ya ɓata, ya faɗa rijiya ko wuta, ko ya ji wa wani rauni.

Bai kamata a ɗauka cewa zalunci ne kawai ya haifi wannan tsari ba. Fikihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suka yi aiki da shi ya sauke wa yaro nauyin hukunci har ya balaga, ya sauke wa mai taɓin hankali har ya dawo hayyacinsa, sannan ya ɗora wa waliyyi kula da shi da dukiyarsa. Yaron da ke da taɓin hankali ya shiga wannan rangwame ta ƙofa biyu. A wasu biranen Musulmi har an gina asibitoci masu sashe na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya, kamar asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. A ƙasar Hausa kuwa, gida ne asibitin, uwa ko kaka ce mai jinya, maganin kuma rubutun sha ne, da hayaƙi, da saiwoyin boka, ko girka a wurin 'yan bori.

Yara ba su cika samun sunan mahaukata ba. Sai dai a ce iska ta taɓa shi, ko a kira shi dolo, ko kangararre, ko mai farfaɗiya, wanda ake gudun yawunsa saboda zaton ciwon yana yaɗuwa. Kowane suna yana tura yaron wata ƙofa daban, shi ya sa har gobe yaran da ke fama da cuta iri ɗaya suke ƙarewa a wurare mabambanta. Mudun wancan zamani mai sauƙi ne: ya lafa, bai cuci kowa ba, asirin gida ya rufu. Maganar nan da ake yi cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame ita ta ƙayyade iyakar burin kowa.

Dokar 1916 da gidan yari

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904 da Yaba ta Legas a 1907. A 1916 suka kafa dokar mahaukata ga dukan Najeriya, wadda ta ba majistare ikon tsare mutum idan likita ya shaida cewa hankalinsa ya taɓu. A Arewa, inda ake mulki ta hannun sarakuna, akasarin waɗanda hukuma ta kama sukan ƙare ne a wani ɓangare na gidan yarin En'e, ƙarƙashin yari da dogarai. Hukuma ba ta neman kowa domin ta yi masa magani; wanda ya tayar da hankalin kasuwa ko ya aikata laifi shi take ɗauka.

Gwamnati ta sha gayyato masana su duba halin da ake ciki. Bruce Home ya rubuta rahoto a 1928, R. Cunyngham Brown a 1938, sannan J. C. Carothers ya zo a tsakiyar shekarun 1950. Dukansu sun koka da cunkoso da ƙarancin magani, sun kuma nemi gyara, amma jami'an mulkin mallaka suka yi ta jan ƙafa da hujjar tsada. Masu tarihi irin su Jonathan Sadowsky da Matthew Heaton, waɗanda suka bi takardun wancan zamani, sun nuna cewa abin da ya dami hukuma shi ne zaman lafiyar titi da nawa za a kashe. Wannan shi ne mudu na biyu. An yi wa dokar kwaskwarima a 1958, ta kuma ci gaba da aiki har fiye da shekara 62 bayan samun 'yancin kai.

A daidai lokacin ne aka shimfiɗa wata hanya dabam domin yaran da suka gagari iyaye: dokar yara da matasa, wadda ta fara a Legas a 1943 ta iso Jihar Arewa a 1958, da gidajen ajiyar yara irin na Goron Dutse a Kano, da makarantar horon matasa ta Kakuri a Kaduna. Tun daga nan tsarin gwamnati ya saba kallon yaro mai rikicewar ɗabi'a a matsayin matsalar tarbiyya ko ta shari'a, kafin ya tuna cewa tana iya zama ta lafiya.

Darasin Aro

Sauyi na farko ya zo ne daga Abeokuta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa, ya dawo daga Landan ya tarar ba a gama ginin asibitin Aro ba. Sai ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye: maras lafiya zai kama haya a gidan wani ɗan ƙauyen, tare da ɗan'uwansa guda da zai zauna da shi, ya riƙa zuwa asibiti da rana yana karɓar magani, da yamma ya koma. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, a daidai lokacin da sababbin magunguna irin su Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, suka sa ana iya kwantar da hankalin mutum ba tare da sarƙa ba. Ya ba da rahoton cewa mazauna ƙauyen sun fi saurin komawa gida, kuma ciwon bai cika dawo musu ba kamar na waɗanda aka kulle a ɗaki. A Dakar ma, Henri Collomb ya bi irin wannan tafarki a asibitin Fann daga 1959, inda ake kwantar da maras lafiya tare da wani nasa.

Abin lura shi ne, a shekarun nan ne Turai ta fara gano illar raba yaro da iyayensa. A 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka tashi a gidajen marayu da asibitoci. A 1952 abokin aikinsa James Robertson ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara 2 da aka kwantar kwana 8 ba tare da uwarta ba, ya nuna yadda ta tashi daga kuka zuwa shiru. Ma'aikatan asibiti sukan ɗauki wannan shirun a matsayin sabo, alhali yanke ƙauna ne. Rahoton Platt na 1959 ya sa asibitocin Ingila suka fara buɗe wa iyaye ƙofa. Abin da Bature ya sha wahala kafin ya koya, wato zaman mai jinya a gefen gado, al'ada ce da asibitocinmu suka ginu a kanta tun farko.

Aro ya kawo mudu na uku: shin maras lafiya ya koma cikin danginsa, ya ci gaba da sana'arsa? Ya kuma bar gargaɗin da ya shafi yara musamman, cewa shirun yaron da aka tsare ba hujja ce ta samun sauƙi ba. Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988, amma ƙasarsa ta fi karkata ga gina manyan asibitoci masu katanga fiye da yaɗa tsarin ƙauyen.

Giɓin da gidan mari ya cike

Asibitin Barnawa a Kaduna ya fara aiki a shekarun 1970, kuma a tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta karɓe shi tare da na Kware da na Maiduguri. Kano tana da na Dawanau. A 1991 Najeriya ta yi manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta farko, wadda ta ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitocin matakin farko, a shekarar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. Lokacin da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996, Kware ta zauna a ɗaya ɓangaren iyaka.

Shekara 15 bayan waccan manufa, a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka fitar da rahoto a kan asibitocin ƙwaƙwalwa 7 da aka bincika. Babu ko gado ɗaya da aka ware domin yara da matasa. Ma'anar wannan ita ce, yarinya 'yar shekara 13 da ciwo ya tsananta mata, ko dai a kwantar da ita cikin manyan mata, ko a mayar da ita gida da ƙwayoyi a leda. Daga baya an samu ci gaba: asibitin Yaba yana da cibiyar yara a Oshodi, Jami'ar Ibadan ta kafa cibiyar horar da ƙwararru a wannan fanni ƙarƙashin Farfesa Olayinka Omigbodun, wadda a 2010 ta zama 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta duniya. Duk da haka, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa 'ya'yanta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke.

Buƙata kuwa ƙaruwa ta yi. A tsakiyar shekarun 1990 ɗaruruwan ɗalibai mata a makarantun sakandaren Kano suka shiga faɗuwa da ihu a abin da aka kira Sumbuƙa, lamarin da ya ɗaukaka sana'ar rukiyya a birnin. Daga baya sai ga kodin da tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabata, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Gidan mari ya karɓi dukan waɗannan a ɗaki ɗaya: mai shaye-shaye, da mai ɗauke-ɗauke, da mai farfaɗiya, da wanda ke jin muryoyi. Yana kusa, yana magana da harshen da iyaye suka sani, kuma ba ya cewa babu gado. Mudunsa shi ne ladabi: yaro ya sunkuyar da kai, ya daina gardama.

A ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonni kaɗan aka yi irin wannan samame a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da sakamakon ziyarar da ta kai wurare 28 a jihohi 8 da Abuja. Mafi ƙarancin shekaru cikin waɗanda ta tarar a ɗaure yaro ne ɗan shekara 10, kuma ta ga sarƙa a cibiyoyin addinin Musulunci da na Kirista da na gargajiya, har da wasu na gwamnati. Wasu iyaye sun fito sun kare gidajen, suna tambayar inda za su kai 'ya'yansu. Tambayar tana da nauyi, domin a watan Agustan 2020 aka ceto wani yaro ɗan shekara 10 a Birnin Kebbi da aka ɗaure a turken dabbobi a gidansu. Rufe gidan mari ba tare da buɗe wata ƙofa ba yakan mayar da sarƙar cikin gida, inda babu idon kowa.

Yadda ake auna kwanciyar yaro a yau

Likitancin ƙwaƙwalwar yara sabon fanni ne ko a duniya. Leo Kanner ya buɗe sashensa na farko a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1930. An ɗauki shekaru ana kwantar da yara na watanni ba tare da wani ma'auni ba sai ra'ayin likitan da ya kwantar da su. A 1983 David Shaffer da abokan aikinsa suka fito da ma'auni mai maki 1 zuwa 100, wanda ke duban yadda yaro ke tafiyar da rayuwarsa a gida da makaranta da cikin tsaransa. A 2007 Jonathan Green da abokansa suka wallafa binciken yara 150 da aka kwantar a sassa 8 a Ingila, aka auna su kafin kwanciya, da ranar sallama, da bayan shekara guda. Sun samu sauƙi mai ma'ana, kuma sauƙin ya ɗore. Cikin abubuwan da suka yi hasashen kyakkyawan sakamako akwai amincewar da ta ƙullu tsakanin yaron da masu yi masa magani, da irin zaman da iyalinsa ke yi tun kafin ciwon.

Darussa uku suka fito daga irin waɗannan bincike. Na farko, ranar sallama ba ita ce ranar hisabi ba, domin kusan kowane yaro yakan lafa a ƙarƙashin magani mai sa barci. Watannin farko bayan komawa gida su ne mafi haɗari, har ta fuskar yunƙurin kashe kai. Na biyu, dole a ji ta bakin mutum uku, likita da iyaye da yaron kansa, saboda sau da yawa sukan saɓa. Na uku, ana ƙirga cutarwa kamar yadda ake ƙirga sauƙi: sau nawa aka ɗaure yaro, na tsawon awa nawa, wa ya ba da izini, da wa ya kwana ɗaki ɗaya. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta tanadi wasu daga cikin waɗannan: sashe na 25 ya ba yaron da aka ajiye domin magani haƙƙin a riƙa sake duba lamarinsa lokaci-lokaci, sashe na 37 kuma ya ce yaron da aka tsare a raba shi da manya.

Abin da ke jiran Zamfara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan cututtuka sukan fara ne kafin shekara 14. Yaran Zamfara suna ɗauke da ƙarin kaya a kan wannan. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa mai tasowa, kuma waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe. A watan Satumban shekarar aka sace wasu a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu da kasuwanni, aka katse layukan waya. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ce gwajin da ta yi ya nuna kusan ɗaya cikin 4 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin biyu yana fama da tamowa.

Akasarin waɗannan yara ba gadon asibiti suke buƙata ba. Yarinyar da ke firgita cikin dare bayan ta kuɓuta daga daji ta fi buƙatar ma'aikacin lafiya a garinsu da ya san alamomin firgici, da malamar da ba za ta kira ta sangartacciya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora tun 2010 domin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane su kuma kula da farfaɗiya da ciwon damuwa da gushewar hankali. Kwanciya ta 'yan kaɗan ce: wanda ya daina ci da sha, ko ya yi yunƙurin hallaka kansa, ko ciwonsa ya fi ƙarfin gida. Amma su waɗannan 'yan kaɗan su ne ke ƙarewa a turu idan babu gado mai aminci.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta sanya sarƙa, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun tallafi. Zamfara ta kafa dokar kare yara a 2022. Sai dai asibitocin da talaka ke fara zuwa a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, kuma sashe na 231 na dokar final kod har yanzu yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da ke sa iyaye ɓoye yaron da ya fi kowa buƙatar likita.

Duk ranar da aka ware ɗakin kwantar da yara a Gusau ko Kaura Namoda, za a yanka ƙyalle, a faɗi yawan gadaje da kuɗin da aka kashe. Wannan lissafin 1916 ne. Ɗan majalisa da ɗan jarida da shugaban asibiti suna da tambayoyin da suka fi shi. Shin akwai wurin kwanan mai jinya, kuma wa ke ciyar da ita? An raba yara da manya, an raba maza da mata? Akwai littafin da ake rubuta duk ɗaurin da aka yi, kuma wani daga wajen asibitin yana duba shi? Ana ci gaba da koya wa yaron karatu yana kwance? Idan an sallame shi, a ina zai sami magani na wata mai zuwa ba tare da ya sake bin hanyar Sakkwato ba, kuma an sanar da ma'aikacin lafiyar garinsu, da malamin da iyayen za su koma wurinsa ko ana so ko ba a so? Bayan wata 6 da bayan shekara guda, yara nawa ne suka koma makaranta ko gona ko wurin koyon sana'a?

Tambaya ta ƙarshe ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Tana buƙatar rijista, da lambar wayar wani ɗan'uwa, da ma'aikaci guda da aikinsa shi ne ya bi sawu. Asibitin da ya iya amsa ta shi ne zai iya cewa ya bambanta da gidan mari da wani abu fiye da farin fenti da takardar shaidar likita.